Mutuwar Onyedika Mai Gyaran Janareto

Da hantsin ranar Laraba aka tsinci gawar Onyedika, mai gyaran janareto, a cikin kwata bayan shagonsa a Ƙofar Ran. Sufeto Hammajoda bai gama buɗe fayil ba sai ga Hajiya Zubaida, jami'ar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, a ofishinsa.

"Yallaɓai, matarsa Chizoba ta kawo mana ƙorafi jiya. Ta ce yaranku ne suka kama shi ranar Litinin, wai ya sayi kayan sata."

Sufeto ya sa aka kira Saje Bashir, wanda ya yi kamun.

"Mun sallame shi Talata da azahar, yallaɓai. Da ƙafarsa ya fita."

A asibiti, a gaban Sufeto da Zubaida, likita ya yaye zanen da aka rufe gawar da shi. Haƙarƙari uku a karye, ga shatin ankwa a wuyan hannu.

"Wannan bai ga wayewar garin Talata ba," in ji likitan.

Sufeto ya karɓi takardar likitan.

Da suka koma caji ofis, Zubaida ta ce doka ta ba ta ikon ganawa da waɗanda ke tsare. Aka fito da Ɗanlarai, direban keke, wanda suka zauna ɗaki ɗaya da mamacin.

"Ban ga komai ba," ya ce, idonsa na kan ƙofa, inda Saje yake tsaye.

Sufeto ya kori Saje waje. Zubaida ta matso da kujerarta.

"Malam Ɗanlarai, sunanka yana hannun hukuma yanzu. Ba mai taɓa ka."

Ɗanlarai ya juyo gare ta. "Saje ne ya rataye shi a jikin taga, yana jibgarsa da gora. Bawan Allah yana ta cewa, 'Oga, ni ba ɓarawo ba, ba ni ruwa.' Kafin la'asar ya yi shiru."

Aka dawo da Saje. Sufeto ya ajiye masa takardar likita.

"Bashir, shekara tara muna tare. Gawa ka sallama ranar Talata?"

Saje ya cire hularsa. "So nake ya faɗi inda kayan suke, yallaɓai. Wallahi ban yi nufin kisa ba. Tsoro ne ya sa na kai shi kwata."

Sufeto da kansa ya sa masa ankwa, kurata biyu suka wuce da shi mota.

A bakin ƙofa wata mata ta sha gaban Sufeto, idanunta sun kumbura.

"Oga, ka gane ni? Ni ce Chizoba."

Ya gane ta. Ranar Litinin da azahar ta tare shi a nan, tana cewa tana jin ihun mijinta daga ciki. Yana sauri zuwa taro, ya ce mata, "Madam, ki dawo gobe."

Ya juya ya faɗa wa Zubaida yadda aka yi, bai rage komai ba.

Ta dube shi, biro a hannu. "In sa wannan a rahoto, yallaɓai?"

"Ki sa, Hajiya," in ji Sufeto. "Da cikakken sunana."