Jar Waya a Cikin Auduga

Audugar ta fara sunkuyowa, Lauratu ta tare ta da kafaɗa.

Ba ta gona ba ce. Ta siminti ce, ta fi mutum tsayi, ƙungiyar manoman auduga ta Malumfashi ta ba ta aikin ginawa a ƙofar ofis. Simintin ɗanye, ƙarafan ciki sun lanƙwashe, ba kowa kusa. In ta saki ta zube, in ta tsaya ta danne ta.

Wani saurayi ya taka birkin babur, ya diro, ya kafa bayansa a ƙarƙashi.

"Fita, Malama."

"In na fita aikina ya tafi."

"In kin tsaya ke za ki tafi. Fita."

Ta fita, shi ma ya kauce, audugar ta kife ƙasa. Sai a lokacin ta dube shi. Yatsunsa duk baƙin mai, amma idanunsa a sanyaye suke, kamar shi aka yi wa asarar.

"Ƙarafan nan na mene ne?" ya tambaya.

"Ƙashin ginin ne. A makarantarmu ta Zariya amaca muke ce masa. A kansa ake ɗora siminti."

Ya nuna wani dunƙulen ƙarfe a bayan babur. "To ga tawa amacar. Ita ke juyawa a cikin inji, ni kuma na naɗa mata waya in ta ƙone. Awaisu nake, a Funtua shagona yake. Taki ta tsaya, tawa ta juya, kin ga ba a bar kowa da zaman banza ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Daga ranar kullum sai ya zo bayan Azahar, suna sake ɗaura ƙashin. Ita ke auna ƙarfe, shi ke lanƙwasawa. Ta sa masa Mai Naɗi, ya sa mata Farar Auduga.

"Farar Auduga, yau na naɗa injin markaɗe a baibai. Laifinki ne."

"Mai Naɗi, ka mayar da hankalinka. Zuciyar dai bar mini ita a nan."

Ana saura ɗaurin ƙarshe aka kira ta Zariya karɓar takardu. Ta bar masa ƙunshin baƙar waya, ta ce ya ɗaure kowace gaɓa. Da ta dawo ta tarar ya ɗaure, ya rufe da raga, har ya sa an yi shafen farko don ta huta. Ba ta ga ciki ba. Ta ɗora sauran, ta shafa farin fenti, audugar ta tsaya kamar a tsinke ta.

Manyan Awaisu suka zo tambaya wurin mahaifinta, Alhaji Abdussamad, wanda shi ne shugaban ƙungiyar. Alhaji ya ce a ba shi lokaci. Hankalinsa ya fi kwanciya da Zaharaddeen, ɗan amininsa mai shagon walda, wanda ya daɗe yana zarya Lauratu tana ba shi haƙuri.

Ana nan damina ta faɗi. Audugar ta tsage daga wuya, kanta ya karkace, wani koren ruwa ya riƙa tsattsafowa yana gangarowa kan farin fenti. Masu wucewa suka fara tsayawa. A majalisa aka ce audugar Alhaji kuka take yi.

Zaharaddeen ya sami Alhaji a zaure.

"Baba, ba na son shiga tsakani. Amma namijin da ba ya son matarsa ta yi aiki a titi, ai ya san yadda zai kunyata ta ta zauna gida. Wa ya rufe ginin nan lokacin da Lauratu ba ta gari?"

Alhaji ya shigo gida fuska a ɗaure. "Lauratu, maganar yaron Funtua ta mutu. Wanda ya ci amanar siminti ba zan ba shi mutum ba."

Ita ma tambayar abin da Awaisu ya rufe a ciki ke cin ta. Ta shiga ɗaki ta ɗauki wayar hannunta ta rubuta masa:

"Awaisu, me ka sa a ciki?"

Ba Mai Naɗi ta kira shi ba, ya kuma lura.

"Abin da ya fi komai kyau a shagona. Wallahi ban san zai yi haka ba."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ba ni da wata. In na faɗa za a ce gori nake."

Ta kife wayar. Abinci ya gagare ta. Ba ta iya yarda da shi ba, ba ta kuma iya cire shi ba. Shi kuwa yakan zo ya tsaya tsallaken titi, ya kalli koren ruwan, ya juya babur. Har ya sa tsumma ya goge, ruwan sama na gaba ya dawo da shi.

Ƙungiya ta yanke a rushe. Ranar aka taru, Alhaji da manoma, da yayar Alhaji, Gwaggo Hansai, wadda ba a yin komai a gidan ba ta leƙa ba. Lauratu na bayanta a lulluɓe. Zaharaddeen ne ya karɓi guduma, ba wanda ya roƙe shi.

Bugu kaɗan simintin ya zube. Rana ta haska ciki, kowace gaɓa na walƙiya ja. Jar waya ce sabuwa, irin ta naɗin inji, an naɗa ta layi-layi kamar kitso.

"Ga shi nan," in ji Zaharaddeen. "Wannan santsi gare ta, kuma miƙewa take. Ba ta riƙe nauyi. Ruwa na shiga ta yi kore."

Gaskiya ya faɗa, Lauratu ta sani.

Alhaji ya hango Awaisu tsaye tsallaken titi, ya ɗaga murya. "Kai, zo nan. Ina baƙar wayar da aka ba ka?"

Awaisu ya durƙusa. "Tana shago, Baba. Mu a sana'armu baƙar waya ta ɗaurin kara ce. In kana girmama inji jar waya kake ba shi. Na ga aikinta ne, sai na ji kunyar sa masa baƙa."

"Ina ka samu mai yawa haka?"

Wani manomi daga Ƙarfi ya riga Awaisu amsawa. "Shi ya sa da rani na kai masa injin ban-ruwa ya ce ba shi da waya. Duk mun koma wurin wasu."

Gwaggo Hansai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Abdussamad, tun da nake, sata na ga ana yi wa jar waya. Yau na ga wanda ya binne tasa a siminti. Wannan ba mugu ba ne, wawa ne. Kuma ka san abin da ke mayar da namiji wawa."

Lauratu ta matso. "Mai Naɗi, da ka tambaye ni."

"Da na tambaya da kin hana."

"Da na hana mana."

Zaharaddeen ya jingine guduma ya sulale. Alhaji ya daɗe yana juya guntun wayar a hannu.

"Za ku sake ginawa," ya ce. "Da baƙar waya. Ita za ta ce ɗaura, kai ka ɗaura. In na ga ka iya bin maganarta a abin da ta fi ka sani, ka turo manyanka."

Ya bi kuwa. Sabuwar audugar ta sha ruwan ƙarshen damina ko gezau. Da kaka, bayan an cire ta gona, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji. Ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari." Gwaggo Hansai ta ƙara da cewa, "Ya kuma ƙara wa ango wayo." Aka amsa da amin ana dariya.

Da La'asar ana shirin kai amarya Funtua, wayarta ta yi ƙara.

"Farar Auduga, na share ɗaki har ya gaji da ni. Ki taho."

Tana murmushi za ta shiga mota, sai wata baƙar jif mai lambar Fatakwal ta tsaya ta tare hanya. Wata mata ta fito, ta cire tabarau, ta bi 'yan rakiya da kallo.

"Salamu alaikum. Wace ce ta gina audugar nan ta bakin titi? Muna da aikin shekara guda, kuma ba zan koma ba sai da ita."