Fentin Da Ya Ƙi Bushewa

"Sauka! Sauka ko in fasa kanka!"

Rana tsaka, a hanyar Auyo, Ari ya saita wani manomi da bindiga. Mutumin ya riƙe babur ɗinsa gam. Tau! Ari da yaronsa Haris suka jefa gawar cikin ciyawar kacala, suka nufi rumfar Kolo a Haɗeja.

Kolo mai fenti ne na ukunsu. Bai taɓa riƙe bindiga ba, yana kuma alfahari da haka, kai ka ce wani abin kirki ne. Aikinsa ya sauya wa babur kama, ko mai shi ya wuce bai gane ba.

"Mai da shi kore, mutumina," in ji Ari. "Gobe akwai harka a Kirikasamma."

Da suka tafi Kolo ya wanke lakar da ke jikin babur ɗin. Jar tarwaɗa ta bayyana a jikin tanki. Shi ya zana ta da hannunsa, kyautar biki ga Shu'ibu, mijin ƙanwarsa Bilkisu. Ya yi kuka har ya gaji, sannan ya tsiyaya baƙin mai cikin fentin don kada ya bushe, ya fesa.

Washegari su Ari suka tare 'yan kasuwa, suka kwashe, suka tsere. A bakin kogi suka yar da babur, suka shige cikin masu jiran kwalekwale kamar yadda suka saba.

Sajan Khalid ya iso da 'yan sandansa. Ya taɓa tankin, ya dubi yatsansa.

"Kowa ya ɗaga riga!"

Wanduna biyu kore shar a cinya. Ari ya kai hannu ƙugu, 'yan sanda suka riga shi — tau! tau! Ya kife cikin ruwa.

"Kolo ne, ranka ya daɗe!" Haris ya yi ihu. "Kolo ne ya ci amanarmu!"

A rumfa suka sami Kolo zaune, bai ko rufe ƙofa ba. Ana sa masa ankwa sai ga Bilkisu da goyo.

"Yaya, me ka yi? Wallahi ku sake shi, shi zai taya ni neman Shu'ibu, kwana biyu bai dawo ba!"

Kolo ya kasa kallonta. Ya matsa kusa da sajan.

"Ku duba cikin kacala, hanyar Auyo," ya ce a hankali. "Don Allah kada ku tafi da ita."