Motocin da Suka Ƙi Tafiya

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da ake kira Manaja. Ba wanda ya ba shi sunan. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma dage har kowa ya kama.

Manaja yana da aboki, Shiru-shiru. Benci ɗaya suke zama tun aji ɗaya. Tare suka fara ƙera motocin gwangwani a bayan shagon ɗinkin maman Manaja. Manaja ke yanka gwangwani, ya shafa fenti, ya cika unguwa da talla. Shi kuwa Shiru-shiru yana zaune a kan wani bulo, yana huda murafen kwalba da ƙusa, yana zura su a waya su zama tayoyi. Motarsu in ka tura ta, sai ta kai bakin titi kafin ta tsaya.

Yara suka fara layin saye. Kan Manaja ya kumbura. Ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe: KAMFANIN MANAJA.

Shiru-shiru ya daɗe yana kallon kwalin. Can ya ce, "Ni ina nawa sunan?"

"Kai da aikinka huda murfi? Ai ko ƙanwata za ta iya."

Shiru-shiru ya ɗauki ƙusarsa ya tafi gida. Washegari a aji ya koma bencin baya.

Manaja ya ce ko a jikinsa. Ya shaida wa yara ranar Asabar za su ga mota ashirin, irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Ya ƙera su kuwa, ya jera su suna ƙyalli. Amma ko ɗaya bai tura ya gani ba.

Ranar Asabar wata 'yar yarinya ta zaɓi ja. Ta tura, motar ta kife. Ta ɗauki shuɗiya, ita ma tayoyin suka ƙi juyawa.

Wani yaro ya ce, "Manaja, motocin naka azumin tafiya suke yi?"

Aka kwashe da dariya, aka watse.

Abin mamaki, ba dariyar ce ta fi damun Manaja ba. Bulon nan ne da ba kowa a kansa. Sai ya tuna wani abin ban dariya, ya juya zai faɗa, ya ga wayam. A aji kuma rabin bencin ya yi masa faɗi. Har ƙarar ƙusar nan, ƙwas-ƙwas, yake marmarin ji.

Mama ta tsayar da keken ɗinki ta dube shi. "Manaja, yau kamfanin ba surutu?"

Ya ba ta labari duka, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Ka taɓa ganin na ɗinka riga ashirin ban gwada ɗaya ba? Wannan kuskure ne, amma ƙarami. Babban shi ne ka raina hannun da ke juya tayoyin."

"In na je ya kore ni fa?"

"Sai ka tsaya ya gama korar."

Manaja ya cire kwalin ya tafi da shi, da jar motar. Ya tarar da Shiru-shiru a ƙofar gida, yana jujjuya ƙusa a hannu.

"Na yi laifi, ka yafe mini. Ƙanwata ba ta iya ba. Ni ma ban iya ba."

Shiru-shiru ya karɓi motar ya duba. Ya ce hudar tayar ta yi ƙanƙanta, shi ya sa ta matse wayar. Ya faɗaɗa ta da ƙusa, ya tura. Motar ta miƙe sai bakin titi.

Manaja ya juya bayan kwalin, ya miƙa masa alƙalami. "Rubuta naka a farko."

Shiru-shiru ya ce, "Ɗaya za mu riƙa gwadawa kafin mu yi ashirin."

"Na yarda, ranka ya daɗe."

Ranar Litinin bencin ya sake cika. Manaja ya gane cewa mai fara sana'a ba ya raina abokin aikinsa, kuma ba ya tara kaya kafin ya gwada ɗaya.