Kalar da Baba Ya Zaɓa

"Ka sake canzawa?" na ce, ina hararsa ta saman kwamfuta. "Likita, karo na shida ke nan fa."

"Na biyar ne."

"Na shida. Ran Talata ka ce kujeru baƙaƙe, ran Juma'a ka ce ruwan ƙasa. Yau kuma mene ne?"

Ya sosa ƙeya. "Zaren ɗinkin kujerun... ja za a sa ko fari?"

"Tafiyar awa uku ka yi saboda zare?"

"Kada ki raina zare. Tambayi duk wanda ya taɓa ɗinke cikin saniya."

Daga bakin ƙofa na ji Baba ya yi tarin nan nasa na ɓoye dariya. Na yi kamar ban ji ba.

Shagonmu na sayar da motoci ƙarami ne. Mota uku yake ɗauka, in aka kawo ta huɗu sai mun shiga ta gefe. Amma shekara talatin da biyar Baba yana hulɗa da masana'anta guda, shi ya sa duk shekara suke ba mu gurbin odar motar tsere guda ɗaya, irin mai ƙofa biyu da ke kwance ƙasa-ƙasa. Ba a ajiye ta a shago. Mai saye ne zai zaɓi komai, daga kala zuwa taya, akwati arba'in da biyu a fom, sannan a ƙera masa tasa. Ana ba shi mako shida ya yi ta canza ra'ayi. Ranar da aka kulle oda kuwa, ko mai masana'antar bai isa ya taɓa ta ba.

Gurbin bana Likita ya samu. Likitan dabbobi ne, can wajen gonaki yake aiki, shekara bakwai yana mafarkin motar nan. Ya je manyan dillalai masu bangon gilashi, suka kalli takalminsa na roba suka bar shi a tsaye. Baba ma takalmin ya kalla, amma shi kujera ya jawo masa, ya fara tambayarsa ko hanyar gidansu kwalta ce.

Ranar farko na tambaye shi inda zai sa akuya a motar da ba ta da kujerar baya. Ya ce akuya tana da tsohuwar a-kori-kurarsa, wannan ta zuciyarsa ce. Na yi dariya, kuma tun daga ranar ban sake samun zaman lafiya da tawa zuciyar ba.

Da ya fita duba tayar motarsa, Baba ya ce, "Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "In kin ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi."

"Baba, kwastoma ne kawai."

"To. Ni dai ban taɓa ganin kwastoman da yake yin aski kafin ya zo zaɓen zare ba."

Saura kwana uku a kulle oda ya dawo. Ranar bai zo da canji ba. Ya zauna yana juya makulli a hannu, ya kasa kallona.

"Nan da kwana uku ba ni da sauran dalilin zuwa," ya ce. "Dama ƙaryar ta ƙare min. Tun makon farko na san motar da nake so... ja mai duhu, kujeru baƙaƙe. Sauran duk don in gan ki ne."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ba wanda yake son fitilar ƙarƙashin ƙofa ran Litinin ya ƙi ta ran Alhamis."

Ya yi murmushi, sannan ya ɗago. "Ina son ki. Aure nake nufi, ba wasa ba. Ki ba ni izini in yi wa Baba magana."

Wallahi na so shi a lokacin. Amma na leƙa tsakar gida, inda Baba yake shafa jikin wata mota da tafin hannu yana neman inda ta karce, don idonsa ya daina nuna masa.

"Ba zan iya ba," na ce a hankali. "Idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin ƙananan rubutu. Shekara uku ke nan masana'anta ta daina karɓar oda a takarda, komai sai ta kwamfuta. Ni ce idonsa. Yayyena mata duk sun yi aure nesa, Mama ta rasu. In na bi ka tafiyar awa uku, za su karɓe dillancin su ba masu bangon gilashi. Shagon nan shi ne ransa."

"Za mu nemi hanya..."

"Na nema, Likita. Babu."

Bai yi musu ba. Ya miƙe, ya je ya yi wa Baba sallama da hannu biyu, ya tafi. Ni kuma na shiga ɗakin ajiye takardu na yi kukana a tsakanin kwalayen man inji.

Abin da na manta shi ne, wanda idonsa ya ja baya kunnensa gaba yake yi.

Ranar kulle oda, da safe Baba ya aike ni ofishin lambar mota in karɓo wa wani kwastoma lambarsa. Layi ya kai bakin titi. Ƙarfe huɗu ake rufe oda, ni kuwa ban fito ba sai huɗu da kwata. Na shigo shago a guje, takalmi a hannu, hankalina a tashe.

Baba yana zaune a kujerata, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. An ƙara girman rubutun kwamfutar har kowane harafi ya kai yatsa, ga gilashin ƙara girman rubutu irin na masu gyaran agogo a gefe.

"Na tura," ya ce.

"Ka tura me?"

"Odar yaron nan. Na kira shi a waya, yana faɗa ina cikewa. Kin ɗauka duk ranar da kika tafi cin abinci barci nake yi? Wata biyu ina koyo, ranar da kika kori ɗan mutane kuma na ƙara himma."

Na miƙa hannu zan jawo kwamfutar, ya dafe ta.

"A'a. Alkawari za ki yi min, ba za ki buɗe fom ɗin nan ba har motar ta iso. In ta zo daidai, kin ga zan iya riƙe shagona, sai ki ba shi amsa. In ba ta zo daidai ba, na yarda, ki zauna mu tsufa tare."

"Baba, ko sau ɗaya in duba..."

"An riga an kulle, Uwata. Dubawarki me za ta gyara?"

Na yi alkawari. Wata huɗu yatsuna suna ƙaiƙayi, amma ban buɗe ba.

Baba da kansa ya gaya wa Likita sharaɗin. Masana'anta takan turo saƙo a kowane mataki, kuma Likita ya ce shi kunnensa ba ya jin albishir ta waya, sai ya zo da kansa. Da aka ce an haɗa inji, ya zo da kwandon ƙwai. Da aka ce ta shiga fenti, ya zo da zuma. Da aka ce ta hau jirgin ruwa, sai da ya kawo taswira muka baje kan tebur, yana nuna min teku da biro kamar shi ne matuƙin.

"Rabin raina," ya ce wata rana, ƙasa-ƙasa, "kina addu'a kuwa?"

"Wa ya ba ka izinin kirana haka?"

"Na sa oda ne, ina jiran a tabbatar."

Ina yi kuwa. Ban taɓa yi wa ƙarfe addu'a irin wadda na yi wa motar nan ba.

Ta iso wata Laraba da hantsi, a bayan tirela, lulluɓe da farin mayafi har ƙasa. Mai shayi da mai faci da tela duk suka bar sana'arsu suka zo kallo. Likita ya sha sabon ɗinki. Da aka sauko da ita, Baba ya ce ba wanda zai yaye ta sai shi. Ya kama gefen mayafin, ya yi bismillah, ya ja.

Kowa ya zaro ido.

Koriya ce shar, kamar ɗanyen lemun tsami, tana ɗaukar ido a rana. Ko Baba bai buƙaci gilashi ba.

"Arba'in da bakwai na sa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ja mai duhu arba'in da bakwai ne. Tun ba a haife ku ba haka yake."

Nan na gane. A akwatin kala lamba ake rubutawa, kuma shekara uku da suka wuce masana'anta ta sake jera lambobin. Ni na san sababbin. Baba kuwa tsofaffin ne a kansa, ya yarda da su har bai ga dalilin ɗaukar gilashi ya duba ba.

Na ɗauko fom ɗin na bi motar akwati-akwati. Kujeru baƙaƙe. Taya daidai. Birki, giya, fitilu, sitiyari, duk yadda Likita ya faɗa. Arba'in da ɗaya cif. Guda ɗaya tak ta kuɓuce masa, kuma ita ce wadda ake hangowa daga ƙarshen titi.

Hawaye suka zubo min. Tausayin Baba nake ji, da na kaina, ban san wanda ya fi yawa ba.

Baba ya gyara tsayuwa ya fuskanci Likita yadda yake fuskantar kowane kwastoma. "Laifina ne. Ba dole ka karɓa ba. Ka bar min ita, gurbin baɗi naka ne."

Likita ya matso. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake yi, har da riƙe ciki.

"Baba, in na shiga gona da wannan ai shanu bina za su yi, su ɗauka ciyawa ce. Ka rage min wahalar kamu." Ya share ido. "Na karɓa. Jajaye sun cika titi. Wannan kuwa duk inda aka gan ta an san tawa ce."

Maƙwabta suka ɗauki dariya, ni ban iya ba.

"Ba ta zo daidai ba, Baba," na ce. "Kai ka kafa sharaɗin."

Ya kama hannuna ya ja ni cikin shago, ya zaunar da ni a kujerar kwastoma, shi ya zauna a tawa.

"Na faɗi jarrabawa, ban musa ba. Amma bari in ba ki labari. Shekarar da aka haifi babbar yayarki, idona garau, na yi wa wani mutum odar mota ta zo da sitiyari a ɗaya hannun. Uwarki ta yi wata guda tana min dariya. Ban rufe shago ba. Kuskure abokin sana'a ne, Uwata, da ido da babu ido."

"In ka sake yin wani fa?"

"Zan yi. Sai in ba da haƙuri in gyara, kamar yadda na saba." Ya matse yatsuna. "Abin da ba zan iya gyarawa ba shi ne in tashi wata rana in ga kin yi furfura a bayan teburin nan saboda ni. Ban haife ki don ki zama tabarau ba. Ina son ki fiye da shagon nan, kuma kin san yadda nake son shagon nan."

Na kifa kaina a kan gwiwarsa na yi kuka sosai, yana shafa min kai yana cewa ya isa, kwastoma yana jira a rana.

Da na fito, Likita yana tsaye jikin motar, ya buɗe ƙofar gefen direba ya riƙe, fuskarsa duk tsoro.

"To?" ya ce.

"Amsa ɗaya ce, kuma in na ba ka babu canji. Ba mako shida."

"Na ji."

"Na yarda."

Ya ɗora goshinsa a kan rufin motar, ya daɗe a haka.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Na yi kwana goma a sabon gidana ina daurewa, rana ta sha ɗaya na ce wa mijina ko ya kai ni in ga Baba ko in tafi a ƙafa. Muka iso wajen azahar, ya tsaya a bakin shago.

Ta ƙofa na hango Baba a gaban kwamfuta, wata mata tana zaune kusa da shi riƙe da sabon littafin kaloli. Yana cewa, "Karanta min lambar da ƙarfi, 'yata. Yauwa. Sake karantawa. To yanzu leƙo ki gani, ita na rubuta?"

Na buɗe ƙofar mota, na sauke ƙafa ɗaya. Ya ɗago, ya hango koren da ba ya ɓuya, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Sai ya ɗaga min hannu.

"Ku je ku zaga gari ku dawo, Uwata," ya ce. "Ina da kwastoma."