Rarar Lokaci

Ranar da Larysa Hnatiuk ta fara haɗuwa da Teo, muryarsa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa. Sanyin Calgary na watan Janairu ne, tana shiga ofishin kwantena na wurin ginin gada gilashin idonta ya yi hazo.

"Ke ce sabuwar mai tsara jadawali?"

"Ni ce. Ina neman injiniyan da ke kula da ginshiƙi na uku."

"Ga shi nan yana cin abinci."

Ta goge gilashin ta mayar. Saurayi ne mai faɗin murmushi, hular kwano a karkace, cokali a hannu. Teodoro Abrenica, in ji rubutun da ke ƙirjin rigarsa.

"Ina aka tsaya da zuba kankare?"

"Saura kaɗan."

"Makon jiya ma haka aka rubuta."

"To kin gani, mu ba ma canja magana."

Ba ta so ta yi dariya ba, sai da ta ciji leɓe.

Aikin Larysa shi ne ta jera ayyukan gadar a kwamfuta, wanne ke bin wanne, wanne zai iya jira. Wasu ayyukan suna da rarar lokaci, ko sun makara ba abin da zai taɓu. Wasu kuma kwamfuta ja take shafa musu, don in ɗayansu ya makara, gadar gaba ɗaya ta makara. Ginshiƙin Teo ja ne wur. Hakan ya sa kowace Litinin sai ta je ta tsare shi da tambaya, daga baya kuma ta fara zuwa har Laraba, alhali babu abin tambaya.

Ta sa masa suna Saura Kaɗan. Shi kuma yana kiranta Jan Layi.

Saƙonsa na farko da bai shafi aiki ba ya zo mata a jirgin cikin gari: "Jan Layi, Nanay, wato mamata, ta cika mini kula da taliya kamar za ni yaƙi. Ki zo ki taimaka gobe da rana, aikin gaggawa ne."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. A ƙarshe ta tura: "Zan duba jadawali." Sai kuma ta ji tsoron ya ɗauka da gaske take, ta bi shi da: "Wato zan zo."

Abu ɗaya ne ke hana ta barci mai daɗi, jarrabawar samun takardar ƙwarewa a tsara jadawalin ayyuka. Bara ta zauna ta faɗi. Bana ta sa ranar a ƙarshen Afrilu, ta cika aljihunan rigar sanyinta da ƙananan katunan tambaya. Teo ya mayar da hutun cin abinci aji, yana jan kati yana karantowa da muryar alƙali.

"Mene ne rarar lokaci?"

"Iyakar jinkirin da aiki zai yi ba tare da ya ja ranar gamawa ba."

"Daidai. Kin ci naɗin nama ɗaya." Ya tura mata kular. "Wane kuskure mai jadawali ya fi yawan yi?"

"Ya zauna shi kaɗai ya tsara, bai tambayi waɗanda aikin ya shafa ba."

"Allah ya raba mu da irinsu."

Ranar Asabar kuwa ɗakin karatu na tsakiyar gari take zuwa, inda Garrett Lindqvist ke koyar da masu shirin jarrabawar. Babban mai jadawali ne a kamfaninsu, ya ci tasa tun zaman farko, kuma ba ya bari a manta. Kullum kujerar kusa da shi yake ajiye mata.

Da iska mai ɗumi ta sauko daga duwatsu a watan Maris ƙanƙara ta fara narkewa, Larysa ta kai Teo gida. Mama ta karɓe shi hannu biyu, ta yi ta ƙara masa miyar gwoza ja har ya fara roƙon arziki. Tato kuwa, wato babanta, tsohon mai walda da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan bututun mai, kallonsa kawai yake yi ta saman kofi.

"Zo ka ga injin kwashe ƙanƙarata," in ji shi bayan an ci abinci.

Suka shiga gareji. Da suka fito Teo na murmushi, amma murmushin bai kai idonsa ba.

Daga ranar abubuwa suka canja. Hutun rana ya zama Teo na can ƙarƙashin gada. Saƙonni suka gajarce.

"Saura Kaɗan, lafiya kuwa? Na ajiye maka katuna masu wuya."

"Lafiya lau. Aiki ne ya yi yawa. Ki yi karatu sosai."

Ta karanta wannan saƙo har ta haddace shi, tana neman inda ya ɓoye wasa a ciki. Babu. Larysa mutum ce da za ta iya tsare babban ɗan kwangila a kan makararren rodi, amma ta tambayi saurayi ko ya daina sonta, wannan ya fi ƙarfinta. Sai ta yi abin da ta saba, ta shige cikin littafi.

Ana cikin haka Garrett ya tare ta a bakin ɗakin karatu.

"An ba ni shugabancin jadawali a wani babban aiki a Fort McMurray, can arewa mai nisa. Shekara uku. Ina buƙatar mataimakiya, kuma ke na zaɓa."

"Ban ma ci jarrabawar ba."

"Kina kusa da ni, za ki ci." Ya gyara wuyan rigarsa. "Injiniyan nan naki ai na ga ya ja baya. Me zai riƙe ki a nan? Ki ba ni amsa ranar Litinin."

Maganar ta yi mata zafi ne domin ta san gaskiya ce.

Da yammacin ranar suna kicin suna naɗe perogi. Mama na murza ƙullu, Larysa na cusa dankali da cuku, Tato na matse bakin kowanne da manyan yatsunsa.

"Zan karɓi aiki a Fort McMurray," in ji Larysa, idonta a kan cokali. "Jibi zan ba da amsa."

Muciyar murza ƙullu ta tsaya a hannun Mama.

"Yaron fa?" in ji Tato.

"Wane yaro? Ya daina kula ni tun ranar da ya zo gidan nan."

Tato ya matse perogin da ke hannunsa har dankalin ya fito ta gefe. Mama ta dube shi, ta dubi dankalin.

"Bohdan. Me ka ce masa a gareji?"

"Injin na nuna masa."

"Bohdan."

"Cewa na yi bara kuka ta yi ta yi a ɗakin ƙasa, ba na so in sake jin wannan kukan. Na ce in mutumin kirki ne ya bar ta ta yi karatu, in ta ci ya dawo mu yi magana." Ya share hannu a wando. "Ni ban ce ya ɓace ba. Sarari na ce ya ba ta."

"Ka ba ta sarari har Fort McMurray," in ji Mama. "Sannu da ƙoƙari."

Larysa ta miƙe. Tato ya zaro makullin motarsa ya ajiye a tebur ba tare da ya ɗago kai ba.

"Tankin a cike yake, 'yata."

Ta san inda Teo yake duk yammacin Asabar, zauren wasanni na cocinsu, inda samari ke buga ƙwallon kwando iyaye mata na sayar da abinci a gefe. Ta shiga da gari a rigarta har gwiwar hannu. Teo na benci yana shan ruwa, ganinta ya ƙware.

"Teo, sufeto ta zo," wani daga cikin abokansa ya ce. "Me ka gina ya rushe?"

Ta tsaya a gabansa.

"Wane kuskure mai jadawali ya fi yawan yi?"

Ya goge baki. "Tatonki ya faɗa miki."

"Amsa tambayar."

"Ya tsara shi kaɗai, bai tambayi waɗanda abin ya shafa ba." Ya sunkuyar da kai. "Larysa, lissafi na yi. Na ce jarrabawarki ce a kan jan layi, ni kuwa ina da rara. In na jira zuwa ƙarshen Afrilu ba abin da zai taɓu."

"Garrett ya ba ni aiki a Fort McMurray. Litinin yake jiran amsa, kuma har ɗazu niyyata in ce to."

Ya miƙe zumbur daga benci.

"Ban san da wannan ba."

"Ina za ka sani, ba ka tambaya ba? Rabin karatu ka yi a katunana ka je ka tsara rayuwata da Tato a gareji." Ta tura gilashinta sama da bayan hannu, gari ya shafi hancinta. "Kuma tun da ka ɓace ko shafi ɗaya bai zauna a kaina ba. Ba ka da wata rara, Teo. Ba ka taɓa samu ba."

'Yan ƙwallo suka tsaya kallo, har mai busa usur ya sauke hannu.

"Akwai abin da na sa bayan jarrabawar," in ji Teo a hankali. "Tambaya ce."

"Wa ya ce sai wani aiki ya ƙare wani zai fara? Akwai waɗanda ake yi tare."

Ya ajiye gorar ruwan, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya da gajeren wandonsa na ƙwallo.

"Jan Layi, za ki aure ni?"

"Ina zoben?"

"Yana wurin maƙeri." Ya sosa ƙeya. "Ya ce saura kaɗan."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye, da ƙyar aka ji ta ce eh. Nanay ta taso daga teburin abinci da gudu ta rungume ta, gari da komai, tana cewa ai tun da kular taliya ta fara dawowa a wanke ta san akwai magana.

Ranar Litinin ta tura wa Garrett saƙo: "Na gode da ka tuna da ni, amma ina da aiki a nan da ba zan iya bari ba. Allah ya ba da sa'a a can."

Karatu ya koma teburin kicin na gidan su Larysa. Teo na jan kati, Tato na zaune a ƙarshen tebur wai yana sa ido, ba a jima ba shi ma ya fara karɓar katunan yana karantowa, yana musu da amsoshin littafi.

Ranar jarrabawa, da ta danna maɓallin ƙarshe ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba. Da ta buɗe, kwamfutar na taya ta murna. Ta fito ta tarar da motar Tato a bakin titi, shi da Teo a ciki kowa da kofinsa.

"Wucewa muka zo yi," in ji Tato.

"Na ci."

Tato ya juya yana duba madubin gefe, ya daɗe yana gyara shi.

A watan Agusta aka ɗaura auren. Kafin a tafi coci Tato da Mama suka tsaya a falo riƙe da burodin biki, suka sa musu albarka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana," in ji Tato. "In za ku yanke shawara ku tambayi juna. Kada ku tambaye ni."

A gaban limamin coci aka shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗinkin ja, wanda kakar Larysa ta yi da hannunta. Kowa ya san wanda ya fara taka shi shi zai riƙe ragamar gida, don haka dangin amarya da na ango duk suka miƙa wuya.

Teo ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. "Wa zai fara?"

"Yanzu ka koyi tambaya," in ji ta, ta kama hannunsa.

Suka ɗaga ƙafa, suka taka tare.