Ki Kashe Shi Ranar Asabar

"Ki kashe shi."

Fensirin da ke hannunta ya tsaya cak a kan taswirar. Ta ɗago a hankali.

"Me ka ce?"

"Jarumina... ki kashe shi ranar Asabar. Ki sa rufi ya rufto masa, ko wani dodo ya cinye shi. Duk yadda ya fi miki sauƙi."

Safiyo ne tsaye a bakin ƙofa, takalminsa duk ƙasar filin da ya je awo. Bai shigo ba, bai kuma dubi idonta ba.

Shekara uku ke nan tana gudanar da wasan a wannan ɗaki, bayan shagon kafintancin Yayanta. Sauran ranakun mako tana shagon tabarau tana gwada wa mutane gilashi, amma ranar Asabar bayan azahar ita ce Mai Labari. Mutum huɗu ke kewaye teburin da Yaya ya haɗa mata da ragowar katako, kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda. Ita ke faɗa musu abin da ke gabansu, su faɗi abin da za su yi, sannan a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Birni guda ta gina musu a ƙarƙashin ƙasa, ta sa masa suna Zurfi. Hawa goma sha biyu, ɗaki ɗari huɗu da goma sha ɗaya, kowanne da tarkonsa da mazaunansa, duk a littattafai bakwai da ta cika da rubutun hannunta. A shekara ukun nan hawa na tara kawai suka iso.

Ranar da Malamin Lissafi, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ya fara jawo shi, Safiyo ko zama bai yi ba ya leƙa taswirarta ya ce, "Matakalar nan ba za ta sauka inda kika ce ba. Ta kauce da taku shida."

Mako guda ta yi tana jin haushinsa. Da ta auna ta ga gaskiyarsa, sai ta ƙara wani makon.

Daga nan ya fara zuwa ranar Laraba da abin awonsa, wai zai gyara mata hawan da suka riga suka wuce. Gyaran bai taɓa ƙarewa ba. A kan wannan teburin ya fara ce mata "Sarauniyar Zurfi", a kansa ya ce mata ya gaji da jiran Laraba, so yake ya riƙa ganinta kullum da safe.

Yau ma Laraba ce.

"Masoyi, shigo ka zauna," ta ce. "Me ya faru?"

Ya miƙo mata wayarsa daga inda yake.

Bidiyo ne na daƙiƙa arba'in. Ita ce a ciki, ranar da wuta ta ɗauke suka kunna kyandir. Ta lulluɓe fuskarta da baƙin mayafi tana kwaikwayon tsohuwar mayyar hawa na takwas, ta shaƙe murya tana cewa, "Ka ba ni sunanka, in ba ka hanya..." Ga Safiyo ya sunkuyar da kai yana amsawa, ga 'ya'yan lido zube tsakaninsu. An yanke dariyar da suka kwashe da ita bayan nan.

"Mama aka tura wa," ya ce. "Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta ce caca muke yi, ta ce tsafi ne. Ta ce kin shanye ni."

"Ka faɗa mata wasa ne?"

"Na faɗa."

"Ka faɗa mata sati mai zuwa za ka kai ni in gaishe ta?"

Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu.

"Ta ce in zaɓa," ya ce. "Jininta ya hau, Sarauniya. Ni kaɗai ne namiji a gidan nan. Ya kike so in yi?"

"To mene ne na kashe jarumin?"

"In ya mutu, sai in ce na gaji da wasan. Ba sai na yi wa kowa bayani ba... ba sai an ji kunya ba."

Ta ajiye fensirin. Wato rabuwa ya zo yi da ita, kuma ita yake so ta rubuta masa hanyar fita.

"Ni ba na kashe kowa," ta ce. "Ɗan lido ke kashewa. Ka zo ranar Asabar."

Washegari ta ɗauki rabin yini a wurin aiki. Ta zuba littafi guda da 'ya'yan lido a jaka, ta shirya kalamanta tun a mota: za ta durƙusa, ta nuna wa Mama cewa ba a sa ko sisi, ba a kiran aljanu, labari ne kawai da lissafi. Yaya ya hana ta tun da safe.

"Auta, shi ya kamata ya tsaya miki. Kar ki kai kanki inda ba a kira ki ba."

Ba ta ji ba.

A bakin get ƙanwar Safiyo ta tare ta, ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi jakar.

"Mama ta ce kar ki taka mata gida. Ta ce ko fuskarki ba ta son gani."

"Don Allah minti biyar kawai..."

Aka rufe get ɗin. Motarsa na ajiye a ciki, ta gan ta ta ƙasan ƙofa.

Ranar Asabar kowa ya zo. Direba da surutunsa, Malamin Lissafi da 'yar na'urar lissafinsa, sai Nas, aminiyarta tun makarantar sakandare, wadda ta zauna a kujerarta ta hagu ta matsa mata hannu.

"Ƙawata, kin rame. Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Safiyo ya shigo a ƙarshe.

Ta buɗe littafi na shida, ta gyara murya.

"Kuna bakin gadar hawa na tara. Igiyoyinta sun ruɓe, ƙarƙashinta duhu ne, ba a jin ƙarar dutsen da aka jefa. A tsakiyarta Mai Gadin Ƙarfe yana tsaye, tsayinsa ya yi mutum uku. Me za ku yi?"

"Mu koma mu nemi wata hanya," in ji Malamin Lissafi. "Ko kashi goma cikin ɗari ba mu da shi."

"Zan hau gadar," Safiyo ya ce. "Ni kaɗai."

"Kai! Ka haukace ne?" Direba ya daki tebur. "Shekara uku muna rainon jarumin nan!"

"Na ce zan hau."

Akwai kwalin da take kafawa a gabanta don kar a ga jifarta. Ta sa hannu ta kwantar da shi. Ba ta taɓa yin haka ba.

"Yau a fili zan jefa," ta ce. "Fara jefa naka. Ƙasa da goma sha biyar, igiya ta tsinke."

Ya jefa kamar mai yar da shara.

Goma sha tara.

"Ya tsallake!" Direba ya yi ihu.

"Mai Gadi ya ɗaga gudumarsa," ta ce. "Takwas ta ishe shi ya same ka."

Ta jefa. Ɗan lidon ya gangara ya bugi kofin Nas ya tsaya.

Uku.

"Ba zan kare kaina ba," Safiyo ya ce da sauri. "Na yar da garkuwar."

"To biyar ta ishe shi."

Biyu.

Direba ya miƙe tsaye yana rawa. Malamin Lissafi ya cire hularsa yana danna na'ura, yana cewa wannan abu ba ya faruwa. Gumi ya keto wa Safiyo.

"Zan kai masa sara. Da hannun hagu. Idona a rufe."

"Jefa."

Ashirin.

Ɗakin ya kaure da ihu har Yaya ya kashe injin yankan katako ya leƙo. Ita kuwa ta karanta abin da ta rubuta tun bara, kalma bayan kalma: yadda takobin ya shiga tsakanin ƙarafan wuya, yadda Mai Gadi ya durƙusa, yadda ƙofar hawa na goma ta buɗe a karon farko.

Sannan ta rufe littafin ta dube shi.

"Jaruminka yana raye. Ko ƙwarzane babu. Me za ka yi?"

Ihun ya mutu a hankali. Kowa ya ga fuskarsa.

"Sarauniya, don Allah..."

"Tambayar da nake yi wa kowa ce. Me za ka yi?"

Ya miƙe. Hannunsa na kan takardar jarumin.

"Na daina wasan," ya ce. "Kuma... maganar da ke tsakanina da ita, babu. Mahaifiyata ba ta amince ba."

"Saboda me?" Malamin Lissafi ya tambaya.

"Saboda bidiyo," Mai Labari ta amsa masa. Ta juya hagunta. "Na kalle shi sau ɗaya tak, amma na san ɗakin nan. Kafaɗar Direba ta fito ta dama, kyandir yana tsakiya, gefen kwalina yana hagu. Daga kujera ɗaya kawai ake ganin haka. Shekara uku mutum ɗaya ke zama a kanta."

Nas ta kawar da kai.

"Ƙawata, wallahi ni..."

"Kar ki rantse. Ke na fara faɗa wa ranar da ya ce yana sona. A gadonki na kwana ina ba ki labari."

"Eh, kina ba ni labari!" Nas ta fashe da kuka. "Kullum ke ce mai labari! Ke ke rubuta komai, ke ake kallo, mu sai jifa! Rana ɗaya muka gan shi, ni da ke. Shekara uku jarumata na bin bayan nasa tana ɗaure masa rauni, ko sau ɗaya bai ɗago ya dube ni ba!"

Ta juya wurin Safiyo da jiƙaƙƙun idanu, kamar mai jiran ya ce wani abu.

Ko yanzu bai dube ta ba. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Nas ta bi bayansa da gudu. Suna ji motar ta tashi, suna ji Nas ta tsaya ita kaɗai a titi tana kiran sunansa.

Yaya ya shigo ya dafa kan ƙanwarsa. Sai a lokacin ta kifa fuskarta a kan taswirar hawa na tara, ta yi kukan da ta riƙe tun Laraba, har tawadar gadar ta narke.

Wasan bai mutu ba. Direba ya kawo matarsa, Malamin Lissafi ya kawo wata abokiyar aikinsa, aka shiga hawa na goma. Ta ci gaba da shaƙe murya, ta ci gaba da ba su dariya. Nas ta turo saƙon ban haƙuri sau goma sha ɗaya, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Safiyo kuwa ko sau ɗaya bai kira ba.

Bayan wata bakwai, wata Talata da hantsi, ƙofar shagon tabarau ta buɗe. Wata dattijuwa ta shigo tana dogara sanda, wani dogon mutum na riƙe da jakarta.

Safiyo ya ja ya tsaya kamar an dasa shi. Bai san an mayar da ita wannan reshen ba.

"Sannu da zuwa, Mama," ta ce. Ta jawo mata kujera. "Bismillah, ga kujera."

Ta karɓi takardar likita. Ta fito da firam ɗin tabarau shida, ta gwada mata ɗaya bayan ɗaya. Wanda Mama ta zaɓa yana matse mata bayan kunne, sai ta ɗumama shi ta lanƙwasa a hankali, ta sake sa mata, ta gyara mata ɗankwali da ya zame.

"Kai, Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," in ji Mama, ta riƙe hannunta. "Hannunki da sanyi. Kina da miji?"

"Babu, Mama."

"Ka ji ko?" Ta waiwayi ɗanta. "Irin wannan nake ta roƙa maka. Ga hankali, ga ladabi, ga sana'a." Ta matso ta rage murya. "Da ƙyar na ƙwato shi daga hannun wata matsafiya, 'yata. Ba ki ga yadda ta mayar min da shi ba. Har yau bai dawo daidai ba."

Mai Labari ta ɗago ta dube shi.

Kalma uku kawai take jira daga bakinsa. Mama, ita ce. Ta ba shi lokaci. Ta goge gilashin da ƙyalle, ta sake gogewa, ta ninke ƙyallen gida huɗu.

Ya juya yana duba tabarau ɗin da ke jere a bango.

Wani abu da ya rage mata a ƙirji, wanda ba ta ma san yana nan ba, ya saki.

Ta sa wa Mama gilashin gwaji, ta riƙe mata allon haruffa.

"Yanzu fa, Mama? Kina gani sosai?"

"Tar nake gani, 'yata. Komai tar!"

"To madalla," ta ce. "Ranar Juma'a zai fito. Ba sai kun dawo ba, za a aiko muku har gida."

Ta raka ta bakin ƙofa, ta riƙe mata ita har ta fita. Sannan ta juyo wurin mutumin da ke jira a benci.

"Sannu da haƙuri, Baba. Matso in gani."