Jan Ƙyalle a Jikin Makunni

Da hantsi aka kira Sufeton 'yan sanda zuwa tashar jirgin ƙasa. Sabon jirgin batir da ake gwadawa a ƙaramin layi ya mutu a tsakiyar hanya da 'yan kwamitin tsare-tsare a cikinsa, sai tsohon kan jirgi mai shan dizal ne ya janyo su gida.

Injiniyar da ke kula da gwajin ta nuna masa akwatin caji. An ɓalle kwaɗo, an kashe wuta, jirgin ya fita da rabin ciki. Ta ce shirinsu na shekaru masu yawa ne: manyan layuka a ja musu wayar lantarki, ƙanana a ba su batir. In batir ya gaza, rufe ƙaramin layin za a yi.

Maigadi ya rantse jiya da rana, lokacin da ake cajin, ko gezau bai yi ba. Da aka matsa masa, ya tuna ya ɗan zaga, ya kuma hangi bayan wani mai rigar aikin gareji.

Sufeto ya durƙusa. A jikin makunnin an ɗaura jan ƙyalle, ƙulli biyu. Makanikan dizal ne ke yi wa duk abin da suka kashe haka, don kada wani ya kunna ya halaka mai aiki. Ƙulli biyun nan kuwa da shi yayansa, wanda makanikin dizal ne, ya riƙa ɗaura masa igiyar takalmi yana ɗan makaranta.

Kunya ta rufe shi. Shi da bakinsa ya gaya wa yayansa ranar gwajin, har yana tsokanarsa wai ya fara koyon gyaran tocilan. Ya so ya cusa ƙyallen a aljihu ya yi shiru, amma a wannan layin ake kai mahaifiyarsu wankin ƙoda.

Ya sami yayan a gareji, ƙarƙashin inji.

"Yaya, ina kake jiya da rana?"

"Nan, ina fama da famfon mai."

"Wa ya ɗaura wannan?"

Yayan ya daɗe yana kallon ƙyallen. "Hannu ne ya riga ni tunani," ya ce. Ya amsa cewa shi ne. So ya yi gwajin ya lalace a bar musu garejinsu, don shirin bai ce uffan ba a kan masu gyaran dizal.

"Ba gareji za a bari ba, Yaya. Layin Inna za a rufe, sai in an tabbatar hannun mutum ne, ba gazawar batir ba."

Yayan ya zauna daɓas a kan taya. Can ya tashi, ya goge baƙin man hannuwansa tas, ya miƙa su. Sufeto ya kasa ciro ankwa, sai kofur ɗin da ya rako shi ne ya sa masa.

A bakin ƙofa yayan ya waiwayo.

"Jibi ne ranar asibitinta. Ka riƙe ta a matakala, ba ta gani sosai."